Ƙurar Zinariya da Rayukan Yara: Wa'azi Kan Haɗa Hannu Domin Kare Halittar Allah

Karatu: Littafin Nehemiya, sura 3 da sura 5, Bishara ta hannun Luka 10:25-37



Kowace shekara, daga ranar 1 ga Satumba zuwa ranar 4 ga Oktoba, wato ranar idin Waliyyi Faransis na Asisi, Ikilisiya takan keɓe lokaci domin mu gode wa Allah saboda halittarsa, mu kuma binciki zukatanmu a kan yadda muke riƙon amanar da ya danƙa mana. Marigayi Paparoma Faransis ne ya tsayar da ranar 1 ga Satumba ta zama ranar addu'a domin halitta a Ikilisiyar Katolika a shekarar 2015, yana bin sawun 'yan'uwanmu Kiristocin Otodoks da suka riga mu farawa tun 1989. A irin wannan lokaci mun saba jin wa'azi a kan dashen itatuwa da gurgusowar hamada, kuma hakan daidai ne. Amma a bana ina so in kai ku wasu ƙauyuka na Jihar Zamfara, inda ƙasar tsakar gida, wadda yara suke rarrafe a kanta, ta zama guba. Ina so mu ga yadda masifar ta shigo, mu ga su wane ne suka kore ta, sa'an nan mu tambayi kanmu abin da Allah yake faɗa mana.

YADDA MASIFAR TA SHIGO

A shekarun 2009 da 2010 farashin zinariya ya hau ƙwarai a kasuwannin duniya, har oza ɗaya ta wuce dalar Amurka 1,200 a 2010. Labari ya kai ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, inda manomi yakan noma gero da dawa amma rumbunsa ya ƙare tun kafin damina ta kama. Ganin akwai zinariya a cikin duwatsun dajinsu, sai magidanta da samari suka shiga haƙa. Sukan ciko buhuna da duwatsu su kawo gida, a farfasa da guduma, a niƙa da irin injin da ake niƙa hatsi da shi, mata kuma su daka a turmi a tsakar gida, a wanke garin da ruwa, a sa zaiba ta tattaro zinariyar. Abin da ba su sani ba shi ne, dutsen da suka tarar cike yake da dalma. Ƙurarsa ta sauka a kan daɓe, da tabarma, da ƙwaryar abinci, da bakin rijiya.

Babba yakan iya ɗaukar wannan ƙura na wani lokaci bai faɗi ba. Yaro ƙarami kuwa, wanda rayuwarsa duka a ƙasa take, yana wasa yana kai hannu baki, kuma jikinsa yana tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba yake tsotsa. Gubar takan bi jini ta hau ƙwaƙwalwa, ta kwanta a ƙashi. Yaro ya fara amai da ciwon ciki, daga nan sai jijjiga da suma, daga nan sai kabari. Wanda ya tsira, sau da yawa yakan tashi da raunin ƙwaƙwalwa wanda ba ya warkewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa babu wani mizanin dalma a jinin yaro da za a ce ba shi da illa.

A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF, waɗanda suke zagaya ƙauyuka suna sa ido kan annoba irin su sanƙarau, suka lura yara suna mutuwa ba ƙaƙƙautawa, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro ba ya yi musu aiki. Da aka aika da jinin yaran ƙasar waje aka auna, sai gaskiya ta fito. Masu bincike da suka bi gida-gida a Dareta da 'Yargalma sun ƙirga yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, suka tarar 118 daga cikinsu sun rasu a cikin watanni goma sha biyu kacal, wato kusan ɗaya cikin kowane huɗu. Na'urar hannu da ake auna jini da ita tana da iyakar lambar da za ta iya nunawa, kuma jinin yawancin yaran ya wuce wannan iyaka. Kafin a shawo kan abin, yara fiye da 400 sun riga mu gidan gaskiya, dubbai kuma suna ɗauke da gubar.

Ku tsaya ku auna wannan, 'yan'uwana. Zinariyar ta bi hannun dillalai ta bar ƙauye, ta bar jiha, da yawa daga cikinta ta ƙetare iyaka zuwa manyan kasuwanni irin na Dubai. Wadda ta sa sarƙar a wuyanta ba ta shaƙi ƙurar ba. Dillalin da ya ci riba mafi tsoka bai haƙa kabarin ɗansa ba. Amfanin ya tafi wajen masu hali, cutar ta tsaya a gidan talaka, a jikin wanda ya fi kowa rauni a gidan. Idan kun ji ana maganar adalci a sha'anin muhalli, to, ga abin da ake nufi: a tambaya wa ya ci moriyar ƙasa, wa ya ɗauki cutarta, kuma ko an nemi jin ta bakin wanda ya ɗauki cutar. Ubangiji Allah ya sa Adamu a gonar Adnin domin ya noma ta ya kuma kiyaye ta, kamar yadda Littafin Farawa ya nuna mana. A shafi na gaba kaɗan kuma muka ga ƙasa ta sha jinin Habila, jinin kuwa ya kai ƙara gaban Allah. Ƙasar Dareta ma ta kai ƙara.

WAƊANDA SUKA ƊAUKI JINKAR

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ban taɓa ganin inda wannan karin magana ya fito fili kamar a labarin Zamfara ba.

Likitoci suna da magani. Akwai ƙwaya wadda take kama dalmar da ke cikin jini ta fitar da ita ta fitsari, ana ba yaro ita na tsawon makonni. Amma likitocin sun faɗa tun farko cewa idan aka yi wa yaro magani aka mai da shi cikin ƙurar da ta kwantar da shi, an yi aikin banza. Dole sai an tsabtace gidan tukuna, wannan kuwa ba aikin likita ba ne. Sai aka nemo injiniyoyin muhalli na wani kamfani mai suna TerraGraphics daga Jihar Idaho ta Amurka, waɗanda suka daɗe suna gyaran garuruwan da haƙar dalma ta ɓata a ƙasarsu, tare da Cibiyar Blacksmith da ma'aikatar muhalli ta jiha. Dabararsu ba mai wuyar ganewa ba ce: a kankare saman ƙasar tsakar gida da ta hanya, a zuba a buhuna, a kai wani rami nesa da gari a binne, a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa.

To, amma wane ne zai bar baƙo namiji, balle Bature, ya ratsa zaure ya shiga cikin gidan da matan aure suke kulle? Nan ne ilimin injiniya ya tsaya, aikin sarakuna ya fara. Sai da masarauta ta sa baki, hakimai da dagatai da masu unguwanni suka kira magidanta, malamai suka yi wa jama'a bayani, sa'an nan ƙofofi suka buɗe. Kuma waɗanda suka riƙe fartanya da shebur suka kankare ƙasar, 'yan ƙauyukan ne da kansu. Uwaye ne suka bar gidajensu suka zauna makonni a asibiti suna jinyar yara. Bayan wannan duka, da masu haƙa sun ci gaba da kawo duwatsu cikin gida, da gubar ta dawo kafin damina ta zagayo. Saboda haka sarakuna suka ba da umarni a fitar da niƙan dutse bayan gari, masu haƙa kuma, waɗanda da farko suke tsoron kada a raba su da hanyar cin abincinsu, suka yarda. Ta haka aka tsabtace ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011, da taimakon kuɗi daga hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da wasu masu ba da agaji.

Saura Bagega, wadda ta fi su duka girma, inda yara wajen 1,500 suke jiran magani. Aikinta ya fi ƙarfin kuɗin agaji, sai da hannun Gwamnatin Tarayya. An yi alkawarin naira miliyan 850, an yi babban taro a Abuja a watan Mayu na 2012, amma watanni suka yi ta wucewa kuɗi bai fito ba, likitoci kuma ba su iya fara magani ba. A nan ne wata ƙungiya dabam ta shigo. Wasu matasan Nijeriya mazauna Abuja, cikinsu har da Hamzat Lawal, waɗanda ba 'yan Zamfara ba ne, ba kuma likitoci ba, suka tafi Bagega suka gani da idonsu, suka dawo suka tayar da gangami a intanet da rediyo da jaridu, tare da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch. Suka yi ta tambaya guda ɗaya, ina kuɗin yaran Bagega? A watan Janairu na 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya ba da umarnin sakin kuɗi, a cikin wannan shekara aka tsabtace garin, aka fara yi wa yara magani.

Ku ƙirga su: likita, injiniya, sarki, malami, uwa, mai haƙa, matashi mai waya a hannu, ɗan jarida, ma'aikacin gwamnati. Akwai Musulmi, akwai Kirista, akwai wanda ba ya bin addini ko ɗaya. Akwai mai digiri, akwai wanda bai taɓa shiga aji ba. Da an cire ɗaya daga cikinsu, da jinkar ta faɗi. Kuma duk lokacin da ɗaya ya yi jinkiri, yara ne suka biya.

Kada mu ɗauka labarin ya ƙare. A shekarar 2015 irin wannan masifa ta sake aukuwa a yankin Shikira, ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu, kuma sai a shekara ta gaba aka yi aikin tsabtacewa. A 2022 ƙungiyar MSF ta miƙa aikinta na gubar dalma ga hukumomin Zamfara. Baƙo ya yi nasa ya tafi. Dalmar tana nan a cikin dutse, talauci yana nan a cikin gida, haƙa kuwa ta bazu zuwa jihohi da yawa.

GANUWAR NEHEMIYA

Mu koma ga Littafi Mai Tsarki. Nehemiya bawan Allah ne da yake hidima a fadar sarkin Farisa. Da ya ji ganuwar Urushalima a rushe take, ƙofofinta kuma an ƙone, sai ya yi kuka, ya yi azumi da addu'a, ya nemi izini ya tafi. Da ya isa, bai fara da ba da umarni ba. Ya fita da dare ya zagaya kangon ya gani da idonsa tukuna.

Sura ta 3 ta littafinsa jerin sunaye ce, irin wadda mai karatu yakan yi sauri ya tsallake. Ina roƙonku ku zauna ku karanta ta a hankali a wannan mako. Za ku ga babban firist Eliyashib da 'yan'uwansa firistoci suna gini. Kusa da su mutanen Yariko. Za ku ga maƙeran zinariya, da mai haɗa turare, da 'yan kasuwa, mutanen da gini ba sana'arsu ba ce. Za ku ga wani mai mulki, Shallum, yana aiki tare da 'ya'yansa mata. Za ku ga wani hakimi, Malkiya, wanda rabonsa ya faɗa a kan ƙofar da ake fitar da juji, ya karɓa bai ce ta yi masa ƙanƙanta ba. Da yawa kuma sun gyara sashen da yake daura da gidajensu. Littafin bai ɓoye sunan waɗanda suka noƙe ba: manyan mutanen Tekowa sun ƙi sunkuyawa su yi aiki, talakawan garinsu kuwa suka gina sashe biyu. A cikin kwana 52 aka gama ganuwar.

Amma a tsakiyar aikin, a sura ta 5, sai kuka ya tashi daga talakawa da matansu. Yunwa ta sa sun jinginar da gonakinsu da gidajensu, wasu har 'ya'yansu sun shiga bauta a hannun 'yan'uwansu masu arziki. Nehemiya bai ce su yi haƙuri sai an gama gini ba. Ya kira babban taro, ya tsawata wa manya a gaban jama'a, ya sa suka rantse za su mayar da gonakin. Shi kansa ya ƙi karɓar abincin da ya cancanci mai mulki har shekara goma sha biyu. Ya gane cewa mutane ba za su daɗe suna ɗaukar dutse kafaɗa da kafaɗa ba, idan ɗaya yana cin gumin ɗayan. Haɗin kan da aka gina a kan shirun wanda aka zalunta ba ya ƙarko.

Duk da haka, ganuwar Nehemiya tana da ciki da waje. Sanballat na Samariya da abokansa sun tsaya a waje, da gaba a tsakaninsu da masu ginin. Shekaru ɗaruruwa bayan haka, da wani masanin Attaura ya tambayi Yesu wane ne maƙwabcinsa, sai Ubangiji ya ɗauko mutum daga wannan Samariya ɗin ya sa shi a tsakiyar misalinsa. Firist ya wuce, Balawe ya wuce, Basamariye ne ya tsaya ya ɗaure raunin wanda 'yan fashi suka yasar a hanya. Ku lura kuma, shi ma Basamariyen bai iya shi kaɗai ba. Ya kai majinyacin masauki, ya ba mai masaukin kuɗi, ya amince masa, ya yi alkawarin dawowa. Jinƙai ya fara da mutum ɗaya, amma warkarwa ta bukaci biyu.

ABUBUWAN DA SUKE HANA MU

Na farko shi ne cewa, ai ba namu ba ne. Mu faɗi gaskiya a gaban Allah. Ƙauyukan da na ambata ƙauyukan Musulmi ne. Idan da a ce yara 400 ɗin nan 'ya'yan Zumuntar Mata ne, yaran da muka yi wa baftisma, da yaya zukatanmu za su ji? Idan akwai bambanci tsakanin yadda za mu ji da yadda muka ji, to, wannan bambancin zunubi ne da ya kamata mu kai wurin ikirari. Na san raunukan da ke tsakaninmu da maƙwabtanmu. Na san akwai iyalai a cikinku da suka binne nasu saboda rikici, akwai waɗanda 'yan bindiga suka raba da gonakinsu, kuma ba na raina hawayen kowa. Amma ƙura ba ta tambayar sunan yaro kafin ta shiga bakinsa. Rijiya ɗaya muke sha, kasuwa ɗaya muke ci, injin niƙa ɗaya muke kai hatsi. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, in ji masu iya magana. Kirista kuwa an kira shi ya wuce nan, ya ɗebi ruwan ya fara kai wa ɗan'uwan.

Na biyu shi ne raini. A nan zan ba ku labarin kuskurena. A wani ƙauye da na yi hidima, samari suka fara kawo duwatsu daga daji suna niƙawa kusa da rijiyar da kowa yake ɗiba. Da yake na san abin da ya faru a Zamfara, sai na hau bagade Lahadi uku a jere ina tsawatawa, har na kira su masu kashe yara, na kuma rubuta takardar ƙara zuwa ga hukuma. Abin da na samu shi ne, suka ɗauke injin daga bakin rijiya suka shigar da shi cikin wani gida suna niƙa da dare. Da hannuna na tura ƙurar inda ta fi yin ɓarna. Sai tsohon katikis ɗinmu ya same ni ya ce, "Fada, waɗanda kake yi wa wa'azi ba su ne masu injin ba. Ka je ka gai da liman kuwa? Ka taka ƙofar mai gari?" Na ji kunya, domin ban yi ko ɗaya ba.

Muka tafi tare da shi. Liman ya karɓe mu hannu biyu, ya ce shi ma abin yana damunsa, jikokinsa a wannan unguwa suke. Mai gari ya kira zama a ƙofar gidansa, aka gayyato samarin, aka gayyato mata daga ɓangarorin biyu. A wurin ne wani saurayi ya dube ni ya ce, "Fada, kai ko ka yi aiki ko ba ka yi ba za a kawo maka abinci. Ni in ban niƙa ba, me 'ya'yana za su ci?" Ban sami amsa ba. Amsar daga wajensu ta fito. Mai gari ya ba da fili bayan gari, samarin suka yarda za su riƙa jiƙa dutse kafin niƙa, su kuma bar kayan aiki a can, mata suka ce su za su sa ido. Ba zan ce muku kowa ya cika alkawari ba, sai da aka sake zama fiye da sau ɗaya. Amma na koyi cewa wanda ake ganin shi ne matsala, sau da yawa shi yake riƙe da rabin maganin, kuma mutum ba ya kare shawarar da aka yanke ba da shi ba.

Na uku shi ne son a san mu. Ayyukan alheri da yawa sun mutu a kan gardamar sunan wa za a rubuta a allo, wa zai zauna a kujerar gaba, wa zai riƙe asusu. Malkiya ya karɓi ƙofar juji. Idan rabon Ikilisiya a wani aiki shi ne ta ba da ɗakin taro da benci, ko ta ba da matasa masu ɗaukar shebur a ƙarƙashin jagorancin wani, to, mu karɓa da murna. Ubanmu da yake gani a ɓoye ya san wanda ya yi.

ABIN DA IKILISIYA TA KOYAR

Kada wani ya ce Fada ya kawo sabon abu. Tun a 1965 Majalisar Batikan ta Biyu ta gargaɗi Kirista da Musulmi su bar abin da ya wuce, su haɗa kai wajen tsayar da adalci da zaman lafiya domin dukan 'yan Adam. Waliyyi Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya maimaita wannan kira a Kaduna a watan Fabrairu na 1982, kuma saƙonsa na Ranar Zaman Lafiya ta Duniya, 1 ga Janairu 1990, ya nuna cewa lalacewar muhalli matsala ce ta ɗabi'a da lamiri. A 2015 Paparoma Faransis ya fitar da wasiƙarsa mai suna Laudato Si', wadda ya aika wa kowane mutum da yake zaune a doron ƙasa, ba Katolika kaɗai ba. A cikinta ya koyar cewa ba a raba kukan ƙasa da kukan matalauta, ya kuma kafa hujja da Bartalamawus, babban shugaban Otodoks, har da wani malamin Sufaye Musulmi. A ranar 4 ga Fabrairu 2019 ya sa hannu a kan takardar 'yan'uwantakar ɗan Adam a Abu Dhabi tare da Shehin Azhar, Ahmad al-Tayyib. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun yi imani cewa mutum halifa ne a bayan ƙasa, amana aka ba shi, kuma za a tambaye shi. Ba sai mun daidaita a kan dukan koyarwa ba kafin mu kankare ƙasar tsakar gida tare. Yin haka kuma ba ya rage kome daga bangaskiyarmu ga Almasihu, shaida ce gare shi.

SASHEN DA YAKE DAURA DA GIDANMU

Ina roƙon kowace majami'a, babba da ƙarama, ta yi waɗannan abubuwa kafin idin Waliyyi Faransis.

Na ɗaya, majalisar coci ta zagaya gari kamar yadda Nehemiya ya yi, ta ga mene ne yake cutar da lafiyar jama'a: niƙan dutse ne, ko fasa tsofaffin batura da narka dalmarsu a cikin unguwa, ko kududdufin da haƙa ta bari, ko juji a bakin rijiya. A lura da gidajen su wa suka fi kusa da cutar.

Na biyu, kafin a rubuta wa kowace hukuma takarda, a je a gai da mai gari, da liman, da fastocin sauran ikilisiyoyi, da arɗon Fulani inda akwai, da shugabannin masu sana'ar. A nemi zama a wurin da kowa zai iya zuwa ba tare da jin shi baƙo ba ne. A bar waɗanda abin ya fi shafa su fara magana, musamman uwaye.

Na uku, iyalan da suke da mai zuwa haƙa su kiyaye waɗannan ƙa'idodi: kada a kawo dutse ko garinsa cikin gida, kada a niƙa shi da injin hatsi ko a daka a turmin abinci, a jiƙa shi da ruwa domin ƙura ta kwanta, a yi wanka a sauya tufafi kafin a dawo gida a ɗauki yaro, kuma kada mace mai ciki ko ƙaramin yaro su je wurin aikin. Zumuntar Mata su ƙara da faɗakarwa a kan kwallin dutse da ake sa wa jarirai a ido, domin an auna irinsa an sami dalma mai yawa a ciki.

Na huɗu, matasanmu masu ilimi su haɗa kai da Hukumar Adalci, Ci Gaba da Zaman Lafiya ta dayosis, su koyi bin sawun kuɗin da aka ware domin lafiya da ruwan sha a ƙananan hukumominsu, su yi tambaya cikin ladabi amma ba tare da gajiya ba, su kuma jawo abokansu Musulmi a cikin aikin. Yaran Bagega sun sami magani domin wasu sun ƙi yin shiru.

'Yan'uwana, gurasa da ruwan inabin da muke kawowa bagade daga ƙasa suke fitowa, da gumin ɗan Adam. Ba daidai ba ne mu ɗaga amfanin ƙasa a gaban Allah ranar Lahadi, mu kau da kai ranar Litinin sa'ad da ƙasar take kashe 'ya'yan maƙwabcinmu. A ranar shari'a Ubangiji zai tambaye mu abin da muka yi wa mafi ƙanƙanta cikin 'yan'uwansa, kuma ba zai karɓi uzurin cewa yaron ba ɗan cocinmu ba ne.

Mu yi addu'a. Ya Allah Mahaliccin sama da ƙasa, ka ji ƙan yaran da gubar dalma ta ɗauke, ka ta'azantar da iyayensu, ka ƙarfafa waɗanda suke rayuwa da rauninta. Ka sāka wa dukan waɗanda suka ɗauki wannan kaya da alheri, na kusa da na nesa. Ka gafarta mana taurin zuciya da girman kai, ka ba mu tawali'un zuwa ƙofar maƙwabcinmu, ka ba shugabanninmu tsoronka. Uwargida Maryamu, Uwar Mai Ceto, ki yi addu'a dominmu. Waliyyi Faransis na Asisi, ka yi addu'a dominmu. Muna roƙo ta wurin Almasihu Ubangijinmu. Amin.